Ta Bayan Dutse

Duk shagon aski da ɗakin hoto da ke layin nan, in ka ga dutse a bango, hannun Mai Fenti ne. Dutsensa ɗaya ne tun yana saurayi: tsini biyu kamar kunnen kare, jar rana a tsakiya, tsuntsaye uku a sama. Masu shago na yabawa. Matarsa ce kaɗai ba ta taɓa yabawa ba.

"Malam, ba haka dutse yake ba," kullum maganarta ke nan. Ita a gindin dutse aka haife ta, iyayenta suka yi ƙaura tana ƙarama, ba ta sake komawa ba. Shi kuwa babban dutsen da ya taɓa gani da idonsa shi ne tulin tsakuwar magina. Yakan yi dariya ya ce mata sai ƙorafi, amma abin na cin ransa. Burinsa bai wuce ranar da za ta dubi aikinsa ta ce, "Shi ne."

Sai autarsu ta haihu a can nesa, hanyar kuma ta gindin dutsen nan ta bi. Uwar yara ta gama ɗaure kaya, ana gobe tafiya ta zame a bakin famfo ta karye a ƙafa. Ta yi kuka, kuma ba don ƙafar ba.

"Ka tafi," ta ce. "Ka gano mini jikana, ka zano mini dutsena. Amma don girman Allah ban da kunnen kare."

Da ƙyar ya samu kujerar taga a motar haya, fensir a bayan kunne, farar takarda a kan ɗan katako bisa cinya. Rana ta take lokacin da dutsen ya bayyana. Babu tsini, babu shuɗi, wani ƙaton abu ne launin toka zaune abinsa. Mai Fenti ya saki baki. Kunyar duk bangon da ya taɓa shafawa ta kama shi.

Allah ya taimake shi, injin ya yi zafi, direba ya tsaya ba shi ruwa. Mai Fenti ya sauka ya duƙufa. Nan da nan fasinjoji suka kewaye shi, kowa ya zama malami. Wata mai sayar da robobi ta ce ya ƙara bishiya, kwandasta ya ce a sa motarsu a ciki. Ya yi kunnen uwar shegu da su, ya bi kowace inuwa a hankali. Zanen ya fito tsaf, har direba ya ce, "Baba, ka iya."

Da suka tashi, hanya ta zagaya ta baya, dutsen ya sauya kama. Ya kwanta ya miƙe, ga wani giɓi a samansa. Hannun Mai Fenti ya soma ƙaiƙayi, takarda kuma tana can ƙasan jaka. Ya yage kwalin biskit.

"Direba, ɗan tsaya mana!"

"Baba, dutse ba ya gudu, yamma ce ke yi."

Haka ya zana a guje, mota na faɗawa rami, fensir na tsalle. Abin da ya fito ko ɗan firamare ba zai nuna ba. Ya cusa a jaka ya manta. Ranar dawowa auta ta tsinci kwalin, ta naɗe hoton jariri a ciki don kada ya lanƙwashe.

A gida ya miƙa wa uwar yara kyakkyawan zanen. Ta daɗe tana kallo.

"Ya yi kyau, Malam," ta ce a hankali. Ya san muryar nan, da ita take yabon girkin maƙwabta. Ya zauna bakin gado, ya miƙa mata kwalin.

Ta buɗe kwalin, ta ga jariri, ta kwashe da dariya. "Wayyo, ya kwaso kunnuwanka!" Tana shirin ajiye kwalin sai ta tsaya cak. Ta ɗora yatsa a kan giɓin.

"Ta nan rana take leƙowa," ta ce. "Inna takan ce in ta kai giɓin nan ba mu tashi ba, da ruwan sanyi za ta tashe mu. Gidanmu yana nan ƙasa. Shi ne, Malam. Wallahi shi ne."

"Ashe ta baya kuke? Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"Kai ka taɓa tambaya?"

Hawaye na zuba, tana dariya. Daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Kawo in sake shi a takarda mai kyau. Wannan layin da ya karkace, rami muka faɗa."

Ta rungume kwalin a ƙirji. "Taɓa ka gani. Hanyar rafi ce."