Fiton Yidana

Tsuntsaye iri biyu ke zama a mangwaron bayan gidan marigayi Yidana a Gurugu, kuma in ba ka zuba ido ba sai ka rantse uwa ɗaya ta haife su. Duka jan ƙirji, duka farin kai. Sai dai babban ya fi tsawon jela, farin kansa da zane-zane, ba abin da ya iya sai surutu. Ƙaramin kuwa yana da jan layi a ƙeya, kuma makwaikwayi ne na ƙarshe.

Cikin ƙananan akwai wanda ya kwashe fiton da Yidana ke kiran zabinsa da shi. Tsohon ya rasu, tsuntsun bai fasa ba. Kullum da hantsi sai ya saki fiton nan, 'yar marigayin, Maltiti, ta fito da dawa ta watsa wa zabi. Ba ta da muryar ubanta a waya, ba ta da ita ko'ina sai a bakin tsuntsun nan.

Wata safiya kyanwar unguwa ta bar mata gawar tsuntsu a gindin mangwaron. Maltiti ta ɗauka a tafin hannu ta kai wa Buraima, maƙwabcinsu kuma abokin noman ubanta.

"Baba, wanne ne wannan?"

Buraima ya juya shi, ya ɗora babban yatsa a kan ƙeyar, ya bar shi nan.

"Babban ne, mai surutun banza. Je ki, naki yana nan."

Ai ta riga ta ga jan layin tun a gindin bishiya. Ta dai yi godiya ta koma gida. Ranar babu fito, washegari ma shiru. Abin ya dame ta ƙwarai, ko dawar sai ta manta ba ta watsa ba.

Can wata safiya sai ga fiton. Amma ba daga saman mangwaro ya fito ba, daga bayan katanga ne, kuma tari ya biyo bayansa. Tsoho mai haƙori huɗu da fito, ai sai a hankali.

Maltiti ta tsaya da ƙwarya a hannu har tarin ya lafa.

"Baba Buraima," ta ce, "shi ba ya jan ƙarshen haka. Yankewa yake yi."

 Bayan katangar sai aka sake gwadawa.