Ƙwallon Enos da Shingen Benuel

Duk wanda ya taɓa buga golf, wasan jefa ƙwallo a rami da sanda, da Enos Ebersol ya san ƙwallonsa ba ta jin magana. Ya saita gabas, ta nufi kudu. Abokinsa Dale, wanda suke aikin haɗa wayar lantarki tare, yakan ce neman ƙwallon Enos ba wuya, mutum ya bi hannun dama kawai har ya ci karo da shinge.

Ranar wata Asabar Enos ya dage sai sun bar filin da suka saba a cikin gari sun tafi wani, can cikin ƙauyukan Lancaster, inda 'yan Amish suke, Kiristocin nan manoma da ba sa amfani da mota ko lantarki. Filin ba wani abin a zo a gani ba ne. Tudu ne da kwari, masara ta kewaye shi, a kan titi kuma ba ka jin komai sai kofaton dawakin 'yan Amish suna jan kekunansu.

"Wai me ka gani a nan?" in ji Dale, yana kore ƙuda da hularsa. "Tun rami na uku nake shaƙar taki."

"Buga taka, malam, ka bar hancinka ya huta."

Dale ya san a cikin Amish aka haifi abokinsa. Abin da bai sani ba shi ne, shinge ɗaya ne tsakanin rami na sha biyu da gonar su Enos.

Enos yana saurayi ya yi baftisma, ya ɗauki alkawari a gaban jama'a, daga baya ya bar su ya bi lantarki, don tun yana ƙarami yake son sanin abin da ke gudu cikin wayoyin bakin titi. Coci ta ƙaurace masa. Ba a hana kowa yi masa magana ba, amma ba a cin abinci da shi a tebur ɗaya, ba a shiga motarsa, ba a karɓar komai daga hannunsa. Shi kuma zuciya ta ɗebe shi, ya yi shekara goma sha wani abu bai leƙa ba. Kwanan nan ya ji a kasuwa cewa mahaifiyarsu, Mam, ba ta iya fita, gidan kuma yana hannun yayansa Benuel. Yana son ganin tsohuwar ƙwarai. Amma gidan babu waya, kuma ya je ƙofa Benuel ya juya masa baya a gaban yara, wannan ba zai iya ɗauka ba.

Sai ya yi dabara irin ta matsorata. Lokacin yankan ciyawa ne, ya san inda Benuel zai wuni. Zai bar ƙwallo ta yi halinta ta faɗa gona, ai zuwa ɗauko ƙwallo ba abin kunya ba ne.

Da suka hau tudun rami na sha biyu Enos ya hango Benuel. Alfadarai biyu suna jan injin yanka, mutum a bayansu da malfa. Gemun ne ya ba Enos mamaki. Ya bar shi baƙi wuluk, ga shi yanzu ya yi furfura kamar na babansu.

Ya kafa ƙwallo, ya kai mata duka. Ta tashi, ta miƙe sambal, ta sauka dab da tuta.

"Kai!" Dale ya jefar da sandarsa. "Wa ya buga wannan? Ina Enos ɗin da na sani?"

Enos kamar ya yi kuka don takaici. Duk rayuwarsa yana roƙon irin wannan bugu, sai yau da ba ya so. Ya ce bari ya ƙara ɗaya don gwaji. Ya juya kafaɗa ya saita gonar da gangan. Ƙwallon ta nufi shinge, ta yi kamar za ta tsallaka, sai ta lanƙwaso ta dawo tsakiyar fili.

"Me ka ci da safe? Gaya mini in saya."

Enos bai kula shi ba. Ya zaro ta uku daga aljihu, ya taka zuwa bakin shinge, ya wurga ta cikin gonar da hannu.

"Wannan kuma dokar wace ƙasa ce?" in ji Dale.

Alfadaran suka tsaya. Benuel ya sauko ba gaggawa, ya tsinci ƙwallon, ya taho yana jujjuya ta a tafin hannu. Ya daɗe yana kallon ƙanensa, tun daga takalmi har gajeren wando.

"Ka yi ƙiba," ya ce da harshen gida.

"Kai ma ka tsufa, Yaya."

"Bokiti biyu na tara na irin wannan abar. Amma yau na fara ganin wadda aka jefo da hannu." Ya murza ta da babban yatsa. "Su waɗannan ƙananan ramukan na jikinta, na mene ne?"

"Suna sa ta yi nisa a iska."

"Rami ya sa abu ya yi nisa? To. In ta shiga inda tutar take, me ake ba mutum?"

"Ba komai. Sai ka ciro ta ka tafi rami na gaba."

Benuel ya girgiza kai, ya dubi filin, kore shar har ƙarshen ido. "Ciyawa irin wannan, ko saniya ɗaya babu. Kullum ina kallonsu daga nan, manyan mutane da tumbi suna bin ɗan abu fari. Na rasa gane daɗinsa." Idonsa ya sauka kan sandar da ke hannun Enos. "Tana da nauyi?"

"Ga ta, gwada."

Enos ya miƙa masa ta saman shinge. Benuel ya mayar da hannayensa baya.

Abin ya soki Enos har cikin rai. Ya manta, wallahi ya manta, maganar ta yi daɗi har ya ɗauka suna yara ne a bayan rumbu. Ya tsaya da sanda a iska, kunya da fushi suna cinsa. Da can a nan ne zai juya ya tafi. Amma ya lura Benuel bai ja da baya ba, kuma har yanzu sandar yake kallo.

Enos ya durƙusa, ya tura ta ta ƙarƙashin shinge, ya ajiye a kan ciyawa, ya janye hannunsa.

Benuel ya sunkuya ya ɗauka.

Ya riƙe ta riƙon lauje. Bugun farko ya sari ƙasa, na biyu malfarsa ta faɗi, har wani alfadari ya waiwayo. A na uku aka ji ƙas! Ƙwallon ta tashi sama, ta karkata dama, ta ci gaba da karkata har ta ɓace cikin masara.

"Ashe ciwon gida ne!" Dale, wanda ya riga ya gane 'yan'uwa ne, ya ƙwala daga kan tudu.

Dariya ta kama 'yan'uwan biyu, Benuel har da riƙe ciki. Da ya lafa ya goge ido da bayan hannu, ya miƙo sandar ta saman shinge, don shi ba a hana shi bayarwa ba. Enos ya kama kanta. Benuel bai saki nasa ɓangaren ba.

"Gobe babu coci a wajenmu, ka san sai bayan mako bibbiyu muke taruwa," ya ce. "Duk Lahadin da babu coci, Mam sai ta sa an fito da ƙaramin tebur an ajiye maka kusa da babban. A jera faranti a kai, da yamma a kwashe. Yarana sun gaji da ɗaukar teburin nan, Enos."

Enos ya gyaɗa kai.

"Ka bar motar a bakin titi ka ƙaraso da ƙafa. Kuma don Allah ka sa dogon wando."

Benuel ya saki sandar, ya ɗauki malfarsa, ya koma wajen alfadaransa.

"Za ka zo ka saka ta, ko a nan za mu kwana?" in ji Dale.

Ƙwallon farko tana nan dab da tuta, ko yaro zai iya tura ta ciki. Enos ya tsaya a kanta, ramin ya ƙi tsayawa wuri ɗaya a idonsa saboda hawaye, ya buga ta wuce.