Dutsen Halfan

Shekara talatin Halfan, matuƙin jirgin ruwa a garin Sur na bakin teku, yana ɓoye wani dutse a ƙarƙashin teku inda kifi ke taruwa kamar gidan biki. Can yake jefa kejinsa na kamun kifi guda goma sha biyu, babu alama a sama, da ƙugiya yake jawo su. Shi kaɗai yake zuwa a ƙaramin kwalekwale, sai ya sha kewaye-kewaye don gudun 'yan sa-ido. Ko matarsa bai gaya wa ba, don yayanta Suwaid bakinsa ba ya da linzami.

Sai kamfanin awon teku ya ɗauki hayar babban jirginsa, da Suwaid a matsayin makaniki. Injiniya Muzna ta ɗaure na'urarta a sandar ƙarfe a gefen jirgin, mai aika sauti ƙasa ta zano ƙasan teku a allo. Kafin a yarda da ita sai an bi da ita ta kan wani tudu na ƙarƙashin ruwa, gaba da baya, an daidaita ta. Kwana biyu suna yawo, yashi ne shimfiɗe.

"Baffa, ashe tekun naku faranti ne?" in ji Muzna. "An ce ka san ƙasansa, ga shi ko tudun tururuwa ba ka nuna min ba."

Halfan na iya jure yunwa, amma ban da raini. Ya sa su suka rantse ba za su gaya wa kowa ba, ya cire rawaninsa ya rufe kamfas mai nuna alƙibla, kamar na'urar ba ta rubuta inda take. Ya kai su.

Dutsen ya fito a allo ɓaro-ɓaro, kejin waya zube kewaye da shi.

"Masha Allah, Baffa, keji arba'in da ɗaya!"

"Sha biyu ne. Na'urarki ta sha ruwa."

Suka juyo, suka sake bi. Arba'in da ɗaya. Halfan ya waiwayi Suwaid, wanda ke ta goge sifana mai tsabta.

"Na wa ne sauran?"

"Tara nawa ne, suruki. Akwai na liman, akwai na wanzami."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ka auri ƙanwata. Kowa ya san ranar Talata kake zuwa, sai mu zauna a gida. Tausayi kake ba mu, da wannan kewaye-kewayen naka."