Hayaƙi a Gindin Ƙarfen Sabis

Hayaƙin ya kutsa rumfar manyan baƙi daidai lokacin da Alhaji Dauda ya karɓi lasifika. Shi ne mai sabon kamfanin sadarwar, tun daga Nguru ya taso da jerin motoci don a aza harsashin ƙarfen sabis ɗinsa na farko a Gashuwa. Ko sallama bai ƙarasa ba tari ya sarƙe shi.

Taku ashirin daga rumfar, Zulaihat na durƙushe gaban murhun bandarta tana tura ɗanyen itace. Da gangan ta zaɓi ɗanye. Shekara goma sha tara tana bandar tarwaɗa a kan wannan tudu, wuri ɗaya tak a unguwar da ambaliyar kogi ba ta taɓa hawa ba. Don haka marigayi mijinta ya gina mata murhu a nan, don haka kuma injiniyoyi suka ƙyasa.

Abbo, ƙanin mijin, ya taho yana tattare babbar riga.

"Yaya, kashe wutar nan! So kike ki kunyata ni a idon jama'a?"

"Ranar da ka sa hannu a takardarsu, ka zo ka gaya mini?"

"Magana ce ta maza. An zauna, an yi shaidu."

"Gadon marayu huɗu, aka zauna babu uwarsu. To ni ma na zauna, Abbo. Ga ni zaune."

Alhaji Dauda da kansa ya iso, ya toshe hanci da hankici, ya miƙa mata kwali.

"Iya, ci gaba muka kawo muku. Ga waya da layi, kyauta. Har Kano za ki riƙa kiran masu sayen kifi."

"Ranka ya daɗe, kifin a cikin wayar zan yi bandarsa?"

Dariya ta kuɓuce wa matan da ke leƙe ta bayan rumfa.

"An ware miki wuri a gangare."

"Gangaren da ruwa ke haɗiyewa duk damina? Kai ƙarfenka can mana. Shi ai ba ya wari."

Elnathan, injiniyan da ya auna filin, ya sunkuyar da kai. Alhaji kuwa ya juya ya ɗaga wa masu gadinsa yatsa. Bokiti uku suka kwara wa murhun, kifi da toka suka cakuɗe. Aka yanka rago, aka zuba siminti, aka yi tafi. Da yamma aka aiko mata da cinya guda, ta ce a mayar wa mai ita.

* * *

Sau biyar ta je kotu, sau biyar aka ɗage. Ƙarfen kuwa bai jira kowa ba, ya miƙe ya wuce kowace bishiya a garin, aka kewaye shi da shingen waya. Dole Zulaihat ta kwashe murhunta ta koma gangare.

Damina ta yi tsakiya, kogi ya shafe gangaren cikin kwana biyu. Da hantsi Zulaihat ta tsamo abin da ya rage na tubalan murhunta, ta yi ta ɗorawa a ka tana hawa tudun, zaninta jiƙe har ƙugu. Ta jera su jikin shingen, ta aza ragar banda.

Mai gadi ya leƙo. "Iya, wallahi an hana. Ni za a kora."

"In sun zo, ka ce Zulaihat ce. Sun san ni."

Ta ciro ashana daga ɗaurin kallabinta. Ta farko ta yi sanyi, ta biyu ta karye. Ta juya wa iska baya, ta ƙyasta ta uku.