Babin Husaina

Baba ya yi shekara talatin yana hedimasta, kuma ritaya ba ta raba shi da halin ba. Da ya tashi rubuta tarihin rayuwarsa, wata biyu ya kwashe yana tsara babi-babi a jikin kwali, ya liƙa a zaure. Ni Bahijja, autarsa, ni ke buga masa a kwamfuta.

Duk mun san abin da ya sa shi wannan aiki. Mahaifiyarsa Husaina ta rasu yana goye, ko hotonta babu. So yake ya san wace ce, ya bar mana ita a rubuce. Amma a kwalin nan ita ce babi na bakwai, bayan kakanni da fatauci da ginin gidanmu na Jakara.

Mutum ɗaya ta rage da ta san ta, ƙanwarta Inna Tani ta Ƙofar Mazugal. Duk Juma'a mukan je gaishe ta, ita kuwa bakinta ba ya hutawa. Ana zancen tsadar gero sai ta ɗauko na yayarta.

Ta ce wa Baba, "Audu, dariyar nan taka ta Yaya ce sak. Wata rana an aike mu kasuwar Kurmi..."

"Inna, ajiye mini shi. Ban zo wurin ba tukuna."

A hanya na ce, "Baba, ka riƙa rubutawa yadda ya zo mana, daga baya a jera."

"Haka ɗalibaina ke yi su kawo mini shirme. Bi da bi ake aiki."

Har yau ina jin haushin kaina, don ga waya a hannuna, da na naɗi muryarta.

Babi shida suka cinye shekara biyu. A tsakani Inna ta kwanta jinya ta tashi, surutun ya ragu, muka ce gajiya ce.

Ranar da ya kammala na shida ya sa babbar riga, ya ɗauki sabon littafi da tambayoyi ashirin, kowace da lambarta. Inna ta tarbe mu da fara'a, ta sa a shimfiɗa mana tabarmar baƙi.

Baba ya durƙusa, ya buɗe biro. "Inna, yau dai na zo. Ba ni labarin mahaifiyata."

Ta daɗe tana dubansa, tana murmushi.

"Allah sarki, bawan Allah," ta ce. "'Yar wane gida ce?"