Mai Zuwa Ba Sallama

A ƙauyen su Aling Sion ba a tsayawa a ƙofar mutane a yi shiru. Ko tagar shago ce, sai ka ɗaga murya ka ce "tao po", wato mutum ne, don na ciki ya san ba aljani ko fatalwa ke waje ba. Shekara talatin da ɗaya tana riƙe da ɗan shagonta na jikin gida, ko ashana ba ta taɓa miƙa wa wanda bai faɗa ba.

Da mijinta Mang Ambo ya rasu, ƙafafunta suka yi nauyi, sai ta ɗauki Kristel, jikar maƙwabciyarta, ta riƙa zama mata a shagon da rana. Yarinyar ba ta sata, ba ta makara. Amma kullum idonta na kan waya. A ce sabulu, ta turo shi ta ƙarƙashin ragar taga da hannun da ya samu, ba ta ko ɗago ba.

"Ke 'yar nan, mutum ya yi sallama, ki amsa mana. Ki dubi fuskarsa."

"Lola, kifin gwangwani ya zo saya, ba fuskata ba," in ji Kristel, da ke ce mata Lola, wato kaka.

"Bakin ne ya yi miki nauyi?"

"Su ma sun fi son haka. Kowa sauri yake yi."

Kwana talatin da tara da rasuwar, Aling Sion tana jera kaya ta ga kwalin wata taba ya kusa ƙarewa. Taba ce mai ɗaci, duk ƙauyen Ambo kaɗai ke shanta.

"Wa ke sayen wannan?"

"Wani tsoho," in ji Kristel. "Kullum in ƙararrawar coci ta kaɗa sha biyun rana, kina barci. Kara biyu."

"Me yake cewa?"

"Ba ya magana. Katakon taga yake ƙwanƙwasawa sau biyu. Da duk masu saye irinsa ne, ai da na huta."

Aling Sion ta nemi wuri ta zauna a kan buhun shinkafa. Wasan Ambo ke nan tun suna da ƙuruciya. Sai ya zagaya ta waje kamar baƙo, ya ƙwanƙwasa sau biyu, ya ce, "Tao po, 'yan mata, akwai taba?" Ita kuma ta ce, "Ba ma sayar wa tsofaffi."

"Yaya kamanninsa?"

"Hannunsa kawai nake gani. Babban yatsansa ba farce."

Adda ce ta cire wa Ambo farcen, wajen fasa kwakwa. Kristel ta dubi fuskar tsohuwar, sai ta kife wayar a cinya.

A asibitin gari Ambo ya cika, lokacin da Aling Sion ta dawo gida ɗauko masa riga. Ba ta ga idonsa a buɗe ba. Gobe kuwa arba'in, in aka gama addu'a ruhinsa ya tafi ke nan, kowa ya sani. Rana ɗaya ta rage mata ta gan shi.

Washegari ta tura Kristel ta je ta taya matan unguwa dafa taliyar masu addu'a. Yarinyar ta kai ƙofa ta juyo.

"Lola, ki yi yadda nake yi. Ki sunkuya, ki miƙa. Kada ki tambaye shi komai."

Aling Sion ta zauna a kujerar shagon, taba biyu a tafin hannu. Ta shirya abinta: za ta miƙa, ta kama hannun, sannan ta ɗago.

Ƙararrawa ta kaɗa. Kajin da ke tono a ƙarƙashin taga suka watse. Inuwa ta sauka a kan katakon, ga ƙamshin man kwakwar da yake shafawa a gashi. Aka ƙwanƙwasa sau biyu.

Ta ga hannun. Shi ne, har da ɗan tabon wuyan hannu. Ta jira sallamar da ta saba ji bayan ƙwanƙwasar, shiru. Kafin ta ankara bakinta ya yi abin da ya saba yi shekara talatin da ɗaya.

"Wane ne? Mutum ne?"

Yatsun suka motsa a kan katako, kamar yadda yake yi in yana neman abin faɗa. Ambo bai taɓa yi mata ƙarya ba, ko ta wasa sai ya tona kansa. A hankali hannun ya ja baya.

Ta ɗago da sauri. Titi ne, da rana, da shinkafar da aka shanya a tabarma.

Tana nan zaune har masu addu'a suka fara shigowa ta ƙofar gida. Wata inuwa ta sake sauka a kan katakon. Kristel ce, da tukunya a hannu. Ta dubi tsohuwar, ta dubi tabar da ta lanƙwashe a tafinta.

"Tao po, Lola," ta ce a hankali.

Aling Sion ta ajiye tabar a kan katakon, sannan ta amsa.