Abin da Nazar Ya Faɗa a Bakin Shinge

Shekara talatin da ɗaya ina zuba gahawa a zauren karan Shaihu Mizhir, ban taɓa sa baki a gardamar da ake yi a ciki ba. Ba wai ba ni da ra'ayi ba ne. Mai buta a hannu in ya tsaya surutu gahawa ce ke hucewa, kuma ni za a harara, ba masu gardamar ba.

A kakar da sojojin ƙetare suka fara kwashe kayansu, magana ɗaya ce a zauren kullum. Daga inda nake hura gawayi ana jin motocinsu a babban titi suna gangarawa kudu, wata na bin wata. Shekara takwas da shigowarsu ƙasar, mutanenmu ba su gama yanke ko ya kamata su zo ba, sai ga shi an ƙaro musu sabuwa, wai ko ya kamata su tafi. Ni dai na haddace abin da kowa zai ce tun kafin ya gyara murya.

Wata Talata da hantsi Lafta ya shigo. Manomin dabino ne, bai cika zuwa zaure ba sai ana ta'aziyya. Ɗansa Wisam ya shekara shida yana yi wa baƙin tafinta a sansanin da ke bayan gada. Kowa ya san haka, kowa kuma yana yi kamar bai sani ba. Lafta ya yi sallama ya zauna kusa da ƙofa. Na zuba masa, ya karɓa da hannun dama, sai ya ajiye finjalin a kan tabarma bai kai baki ba.

Wanda ya ajiye finjali bai sha ba da buƙata ya zo, kuma ba zai taɓa shi ba sai mai zaure ya ce an biya masa ita.

Shaihu ya ce, "Lafiya, Abu Wisam? Ko gahawar Jabbar ce ba ta yi ba yau?"

"Gahawar Jabbar ba ta da laifi, ranka ya daɗe."

Ya zaro ambulan daga aljihu ya zazzage. Harsashi ɗaya ya faɗo, ya gangara ya tsaya a gefen tabarma.

"Shekaranjiya aka turo ta ƙarƙashin ƙofa, da sunan yaron a jiki. Waɗanda ya yi wa aiki sun ce za su ba shi takardar tafiya, wata goma sha huɗu ke nan yana jira. Nan da sati uku ba sauran ko ɗayansu a ƙasar nan. Na zo ne dangi su sanar cewa Wisam namu ne, jininsa jininmu, duk wanda ya taɓa shi da mu ya yi."

Irin wannan sanarwa ba ta Shaihu ce shi kaɗai ba. In dattijo ɗaya ya ce ba da yawunsa ba, ta zama iska, kuma masu aiko harsashi za su ji kafin la'asar. Shi ya sa Shaihu ya juya ya dubi Falih. Falih shi ne wanda aka harbe ɗansa Nazar a shingen baƙin nan shekara biyar da suka wuce, yana tuƙa a-kori-kurar uban cike da kankana zai kai kasuwa. Yaron bai cika ashirin ba.

Amma Hajji Uda ne ya riga kowa, kamar kullum. Shi 'yan'uwansa biyu tsohuwar gwamnati ta kwashe a shekarar bore, bai sake jin ɗuriyarsu ba sai bayan shigowar baƙin, da aka tone wani rami a hamada. Da agogon hannu ya gane ɗaya, ɗayan har yau zato ne.

Ya ce, "Wannan ma sai an yi shawara? Me yaron ya yi? Magana yake ɗauka daga wannan baki ya kai wancan, ba ya ƙari ba ya ragi. Ba don zuwan mutanen nan ba, da har yau ina ƙofar ofis ina tambayar ina 'yan'uwana, ana ce mini je ka ka dawo."

Falih ya ce, "Au, saboda 'yan'uwanka suka ƙetaro teku da jirage? Kai Hajji, ashe haka kake da daraja ba mu sani ba."

Aka yi 'yar dariya, Falih ya ci gaba.

"Cewa suka yi makamai suka zo nema. Ina makaman? Ko suna gidanka ne ka ɓoye?"

"Ni ban ce don Allah suka zo ba. Cewa na yi sun zo, azzalumin shugaban ya faɗi. Mun gwada da kanmu ai, kana nan, ka ga yadda muka ƙare."

"Ya faɗi, sai me? Wutar lantarki awa huɗu a yini. A da, mutum ɗaya muke tsoro. Yanzu ko mai kalanzir sai ka karanci fuskarsa kafin ka buɗe baki."

"Da kuwa ko matarka sai ka karanci fuskarta."

Na zagaya da buta, na tsallake finjalin Lafta. Doka ce, ba a ƙara wa wanda bai sha ba.

Da aka zo batun tafiyar sai suka yi musanyar wuri, abin da ke ba ni dariya ke nan duk lokacin da na ji. Hajji Uda da ke yabon zuwansu shi ya ce su tafi, sun gama abin da za su iya, zamansu yanzu ba ya haifar da komai sai gawa. Falih kuwa ya ce su tafi ina, sun rushe gida sun bar mu da ɓaraguzai, su tsaya su gyara abin da suka fasa.

Wani daga ƙarshen zaure ya ce, "Haba Abu Nazar, ba kai ne ran Juma'a ka ce su fita yau-yau ba?"

"Na faɗa, kuma ina nan a kai."

"To wanne za mu ɗauka?"

"Duka biyun. Su fita yau, kuma kada su kuskura su tafi su bar mu haka. In kai ba ka gane ba, je ka tambayi wanda ya binne ɗa."

Ba wanda ya yi dariya a nan. Na sake zagayawa. Gahawar Lafta ta daina tururi, har ƙuda ya fara yi mata shawagi. Raina ya ɓaci, don tun asuba nake dakanta, amma ba halin magana.

Shaihu ya ɗaga hannu. "Ba mu taru don mu hana su zuwa ba, sun riga sun zo. Ba kuma da izininmu za su tafi ba. Ga harsashi nan a kan tabarmata. Abu Nazar, kai muke saurare."

Falih ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "Yaron yana ina?"

Lafta ya dubi Shaihu, ya dubi ƙofa. "Yana cikin mota, bayan dabinai."

"A kira shi. Tambaya ɗaya gare ni."

Wisam ya shigo a sunkuye, kamar yadda gajeriyar ƙofar ke sa kowa. Rabon da in ga fuskarsa tun yana ɗalibi, don a bakin aiki da ƙyalle yake rufe ta. Bai kai talatin da biyu ba, amma furfura ta fito masa a gefen kai. Ya gaida Shaihu, ya gaida dattawa, ya tsaya a tsakiya ba a ce ya zauna ba.

Falih ya ce, "An ce ranar kana shingen."

"Ina wurin, Baffa."

"An ce bai cika nan take ba."

"Ya kai kamar minti goma."

"An ce ya yi magana, kai ka juya musu."

"Haka ne."

"Me ya ce?"

Lafta yana ta yi wa ɗan nasa ido. Gaskiya ni ma na so ya yi ƙarya. Da ya ce yaron kalmar shahada ya yi ya kira sunan uwarsa, kowa zai ce Allah ya ji ƙansa, a shafa fatiha, a wuce wurin.

Wisam ya ce, "Ya yi salati, Baffa, sannan..."

"Dakata. Yanzu Hajji ya gama yabonka, ya ce ba ka ƙari ba ka ragi. Da wannan ake so in kare ka. To kada ka fara yau."

Wisam ya yi maganar da murya ɗaya, ba hawa ba sauka, ina jin haka yake yi a bakin aikinsa.

"Ya ce, 'Gaya musu birki ne. Na taka bai kama ba. Ba da gangan ba ne.' Sau uku ya faɗa."

"Ka gaya musu?"

"Na gaya musu. Likitansu yana danne masa ƙirji, ya ce in ce masa ya daina magana ya ja numfashi. Na gaya masa."

"Ya daina?"

"A'a."

"To me ya ƙara?"

Wisam ya dubi ubansa, uban ya sunkuyar da kai.

"Ya ce, 'Tun ran Asabar na gaya wa Baba.'"

Ina riƙe da buta sai na ji ta yi mini nauyi, na ajiye ta a bakin murhu. A titi wata babbar mota ta wuce, muka saurare ta har ta yi nisa.

Falih ya ce, "Ya gaya mini." Ba da kowa yake ba, amma duk zauren ya ji. "Na ce masa a kai kankanar nan tukuna kada ta lalace, in ya dawo sai a duba."

Hajji Uda ya gyara zama. Na ce a raina, shi ke nan, tsohon nan ya samu abin da zai ci gardamar shekara takwas da shi. Sai na ji ya ce, "Ko da birki ne, Abu Nazar, taya ba ta ishe su harbi ba? Yaro ɗaya a cikin motar kankana?"

"Yi shiru, Hajji. Ban nemi taimakonka ba."

Ya sake duban Wisam. "Shekara biyar kana riƙe da wannan?"

"E, Baffa."

"Ba ka gaya wa kowa ba? Ko ubanka?"

"Shi kaɗai, shi ma sai daren jiya."

"Kana ji ina zaginka a kasuwa, ina ce maka karen baƙi."

"Ina ji."

Falih ya mayar da carbinsa aljihu. Sai a karo na biyu ya samu bakin aljihun.

"Har gobe ina nan a kan bakana, bai kamata su zo ba. Da ba su zo ba da babu shinge a hanyar, da motar ta gangara ta faɗa gonar wani, mu biya shi ɓarna, in ci mutuncin yaron, a kwana a tashi. Wannan ba zan janye ba, Hajji, kada ka sa rai." Ya numfasa. "Amma ɗan Lafta namu ne. A sa sunana a farko, kafin na kowa. In masu harsashin suna son bayani su zo gidana."

Shaihu ya bi fuskokin dattawa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya musa. Ya ce gobe za a aika wa shaihunan maƙwabta, a kuma faɗa a masallaci ran Juma'a. Sannan ya ce, "Sha gahawarka, Abu Wisam."

Na yunƙura zan canza masa da mai zafi, Lafta bai jira ni ba. Ya kurɓe ta a yadda take, ya girgiza finjalin alamar ya ƙoshi, ya miƙo mini, hawaye na bin gemunsa. Ko sanarwar za ta tsare yaron ko ba za ta tsare ba, wannan ba wanda ya sani a zauren, har Shaihu. Abin da dangi ke iya yi dai sun yi.

Falih bai jira an watse ba. Na bi shi waje da niyyar zubar da toka, na same shi a bakin ƙofa yana neman takalmansa, alhali ga su nan a gabansa. Na tura masa su da ƙafa.

Ya ce, "Jabbar, mutum nawa ne a ciki?"

"Sun kai talatin."

"Kowa da waya a aljihu."

"Kowa da waya."

"Uwarsa ba ta san zancen birkin ba. Shekara biyar tana tsine wa baƙi, ina taya ta." Ya zura ƙafa ɗaya, ya tsaya. "Kana ganin labarin zai riga ni isa gida?"

Na ce masa zai riga shi.

Ya ce to bari dai ya yi sauri, ya zura ɗayar ƙafar ya kama hanyar bakin kogi.